Tantin da zai ishi manya biyu: abin da kowa ya gani

Mai tambaya, daga Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da ƙanena muna shirin kwana biyu a bakin tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi a ƙasar Ghana, kuma ina neman tantin da zai ɗauke mu ba tare da takura ba. Wanda ya taɓa saya, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Daga Asawase: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada lambar da ke jikin jakar ta ruɗe ka. Na sayi wanda aka rubuta na mutum biyu ne, amma da muka kafa shi sai na tarar faɗinsa bai wuce santimita 130 ba, wato an auna shi ne da mutum biyu kwance kafaɗa da kafaɗa, babu wurin jaka, babu wurin buta. Daren nan kayanmu a waje suka kwana, raɓa ta jiƙe su. Tun daga ranar, na mutum uku nake ɗauka idan mu biyu ne, musamman mai 'yar rumfa a bakin ƙofa inda ake ajiye takalma.

Daga Tafo: Malam ya yi gaskiya, amma ni abin da ya fi ba ni wahala zafi ne. Ni da maigidana mun kwana a cikin mai rufi ɗaya, kafin asuba numfashinmu ya zama ruwa yana ɗiga daga sama. Ku nemi mai rufi biyu, na ciki raga irin ta gidan sauro, domin iska ta ratsa, sauron bakin ruwa kuma ya tsaya a waje. Idan tafiyarku ta faɗa tsakanin Afrilu da Yuli, lokacin da ruwan Kumasi yake da ƙarfi, ku duba lambar hana ruwa, wato wadda ke nuna ƙarfin yadin tantin wajen tare ruwa, mai milimita 3000 shi ne muka samu nutsuwa da shi.

Daga Sawaba: Yaya, a lura da tsayi kuma. Ruwa ya tare ni lokacin magariba a cikin tanti mai tsayin mita ɗaya da ɗoriya, sai a zaune na yi salla, abin ya tsaya mini a rai. Idan na gwanjo za ka saya, ka sa a kafa shi a gabanka, ka ƙirga turakun, ka ja zif ɗin sau biyu kafin ka biya.