Shin dabba tana da haƙƙi a kanmu?

Mai tambaya, Jos:
Assalamu alaikum. A wata kasuwar dabbobi na ga ana sauke shanu daga tirela, wata saniya ta karye a ƙafa, amma aka ci gaba da jan ta da igiya tana huci, idanunta a buɗe. Shin wahalarta tana da nauyi a ma'aunin ɗabi'a, ko tausayinmu ne kawai?

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masana falsafa sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A ƙarni na 17, Descartes na Faransa ya ɗauki dabbobi tamkar injuna marasa tunani. A 1789 kuwa, Jeremy Bentham na Ingila ya ce abin dubawa shi ne ko dabba tana jin zafi, ko da ba ta magana. A ganina Bentham ne ya fi gaskiya, domin duk wanda ya taɓa kiwo ya san tunkiya tana gane muryar ɗanta a cikin garke.

Wata malamar Islamiyya:
Malam, tun kafin su hadisi ya zo da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, kuma an umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da abin yankan.

Wani mahauci:
Malama, haka ne. Sai dai kuɗin mota ne ke sa a cunkusa shanu a tirela, kuma naman dabbar da ta jigata yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa.