Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yabo ne ko gori?

Inna ta Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Jiya a gidan suna wata ta kalli jikanyata tana tuƙa tuwo, ta ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Na yi murna. Da muka fito sai ƙanwata ta ce habaici ne. To ku raba mu.

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya: Wa alaikumus salam Inna. Asalinta yabo ne: abin da uwa ta iya, ɗa ba zai gaza ba. Amma na sha ji an faɗa wa ɗan ɓarawo da aka kama. Sai an duba bakin da ta fito.

Ɗan Dakoro: Mushe, ku yi mini aikin gafara, ni maganar kanta nake tuhuma. Mu da muka tashi kusa da dajin Gadabeji mun san barewa. Gaskiya ɗanta yakan miƙe jim kaɗan bayan haihuwa, amma ba gudu yake yi ba. Kwanakin farko kwance yake cikin ciyawa, lamo, ko motsi ba ya yi. Uwar ta yi nisa tana kiwo, ta dawo ta shayar da shi, ta sake tafiya. Mai wucewa sai ya ce maraya ne ya ɗauke, alhali uwar na nan tana hango shi. Wannan ko rarrafen bai kai ba.

Mushe mai ritaya: Ɗana, karin magana ba littafin kimiyya ba ne. Ƙarshen ɗan barewa aka duba, ba makonsa na fari ba.

Ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo: Baba Mushe, ni ina bayan Ɗan Dakoro. Akwai wata dabba a Amurka ta Arewa, rakun, mai baƙin zane a ido kamar ta zuba kwalli. Takan haifi ƴaƴa 2 zuwa 5 a kogon itace, idonsu a rufe, sai wajen mako 3 su buɗe. Uban ba ruwansa. In ta ji wurin ba lafiya, sai ta cafe su a ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta sauya masu maɓoya, kamar yadda kyanwa ke yi a gidajenmu. In sun yi ƙwari su riƙa bin ta da dare, suna ganin inda take neman abinci. Wata da watanni suna tare. Uwar gwanar hawan itace ce, amma ƴaƴan rarrafe suka fara, na gaske ma.

Ɗan Dakoro: Yauwa! Ke nan ba jini kaɗai ba ne, har da reno.

Mushe mai ritaya: To ku gaya mini, wa ya koya wa ɗan raƙumin dawa tsayuwa? Ya faɗo daga wajen mita 2, kafin awa guda ya miƙe. Ku je Gadabejin, tun 2018 aka kawo raƙuman dawa daga Kure, can wajen Yamai.

Inna ta Bagalam: Kai, ƴaƴan nan! Ni tuwo na tambaya, kun kai ni Amurka. Jikanyar tawa dai tun tana shekara 7 take zaune gefen murhu wurin uwarta, ta ƙona tukunya ba sau ɗaya ba.

Mushe mai ritaya: Inna, ita mai maganar, ta ci tuwon?

Inna ta Bagalam: Malmala biyu, har ta nemi ƙarin miya.