Taƙaitawa: famfon sola a noman rani

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan ban ruwa da hasken rana.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ke cinye ribar manomi. Mai sola ya huta da yawo da jarka.

2. A san zurfin rijiya kafin a sayi famfo. Wani ya yi gaggawa, ruwan ya riƙa zuwa kamar daga bakin buta.

3. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin farantan sola. A goge su da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

4. Kan batir aka rabu. Wasu sun ce dole ne. Mafi yawa sun ce tsadarsa ta yi yawa, gara a ɗora tanki a tara ruwa da rana. Ni ma nan na karkata.

5. Masu ƙaramin ƙarfi su yi adashe ko su saya tare, ko da yake wasu na tsoron rigimar kayan haɗaka.

6. Dattawa sun ja kunne: don rana kyauta ce, kada a bar famfo yana ta zuba, rijiyoyin maƙwabta za su ja baya.