Camry mai silinda shida: in saya ko in haƙura?

Abban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. An kawo min Camry 2009, wadda ake ce wa Muscle, amma V6 ce, wato mai silinda shida. Kusan duk sati ina kan hanyar Kano zuwa Abuja. Don Allah masana a ba ni shawara, shan man nake tsoro.

Oga Makanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Injin cikinta 2GR-FE ne, lita 3.5, ƙarfin doki 268. Shi ne dai a Sienna da Highlander da Lexus RX350 na shekarun nan, don haka kayansa ba sa wahalar samu a Ƙofar Ruwa. Abin da ya fi kwanta min a rai, taiminsa sarƙa ce, ba bel ba. Tsohon 1MZ mai lita 3.0 bel gare shi, haka ma V6 na Honda Accord, kuma na Honda in bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin sai ya daki bawul.

Ɗan Zariya: Mai kam za ta sha, musamman a cunkoson cikin gari. A kan babban titi bambancinta da mai silinda huɗu ba shi da yawa, don injin ba ya wahala. In ka zo wuce tirela za ka gane, taɓawa kaɗan ta tafi. Ga laushi: mai huɗu yana ba da wuta sau biyu a kowane zagayen karanshaf, shi kuwa sau uku, shi ya sa ba ka jin karkarwa a sitiyari.

Yaya Babba: In laushi ake nema, ai sai na BMW, silinda shida a jere layi ɗaya. Shi da kansa yake daidaita girgizarsa. Sai dai tsawo gare shi, shi ya sa masu mota mai jan gaba suka fi son V, uku nan uku can, ya kwanta a gicciye.

Oga Makanike: Gaskiya ne Yaya, amma gicciyen nan da kuɗinsa. Fulogi ukun baya suna can jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, sai an ɗage manifol kafin hannu ya kai. Ranar canji a sa shidan gaba ɗaya, masu kyau, a duba kwayil a lokacin.

Alhaji, kafin ka biya ka je da safe injin na sanyi. Ka saurari ko akwai ƙarar kakat-kakat a sakan na farko. Ka haska tocila gefen famfon ruwa, in ka ga busasshen ruwa ja-ja ya yi ɓawo, yoyo ya fara. Sannan bututun baƙin mai na VVT-i (tsarin da ke daidaita lokacin buɗe bawul), na farko-farkon akwai roba a tsakiyarsa, a tabbatar an mayar da na ƙarfe zalla.

Hajiya Maman Biyu: Ni Sienna nake ja. Roƙona ɗaya, kada ka yarda a cire maka tamostat wai don zafin garinmu, kuma kada a zuba ruwan rijiya a lagireto. Injin alminiyam ne, zafi ɗaya ya isa ya ƙona gaskit.

Abban Ilham: Allah ya saka da alheri. Oga, Asabar ƙarfe bakwai zan biyo in ɗauke ka mu je tare.

Oga Makanike: Allah ya kai mu. Ka ce wa mai motar kada ya tayar da ita kafin mu iso.