Neman kalma: ruwan akwatin kifi idan ya yi fari ko ya yi kore

Assalamu alaikum, jama'a. Tun makon jiya nake so in rubuta bayani ga masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi mai shuke-shuke, sai na cije a kan maganganu biyu na Turanci, cloudy water da algae bloom, kuma ina so mu tsai da magana a kansu kafin in ci gaba. Wasu daga cikinku sun riga sun ba da shawara: wani Malami ya ce a kira cloudy water "gurɓataccen ruwa", wata Malama kuma ta yi gyara cewa shuɗi-shuɗin nan da ke fitowa a kan yashi ba gansakuka ba ce. Sunan akwatin kansa bai dame ni ba. Turawa suna ce masa akwariyam tun da Philip Henry Gosse ya yayata kalmar a Ingila a 1854, shekara guda bayan an buɗe wa jama'a ɗakin kifi a gidan namun daji na Landan, mu kuwa "akwatin kifi" ya wadatar, kowa ya ji ya gane.

Algae ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin duk wanda ya taɓa kankare gindin randa, ko santsi ya kwashe shi a bakin rijiya, ya san gansakuka. Inda gizo ke saƙar shi ne kalma ta biyu, wato bloom. Na ga an rubuta "furen gansakuka", kuma wannan fassara ta kauce hanya, saboda gansakuka ba ta fure. Abin da ake nufi shi ne ta hayayyafa farat ɗaya har ta mamaye ruwan cikin 'yan kwanaki.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan batu shi ne abin da ya same ni. Na kafa akwati mai cin lita 60, na ɗaura Anubias a jikin dutse, tsiron da asalinsa rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da Kamaru da kudancin Nijeriya, ko da yake yau ana sayar da shi a duk duniya. A rana ta uku ruwan ya yi fari kamar ƙasari, har ba na iya hango gilashin baya. Mai shagon da na sayi kifin ya ce mini ruwa ya gurɓace, ni kuma da jin kalmar gurɓacewa sai na dukufa canza ruwa kullum ina wanke abin tace ruwan akwatin, wato matatar ruwa, da ruwan famfo, abu yana ta ci gaba. Ashe ƙwayoyin bakteriya ne masu cin ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye suka yawaita, kamar yadda suke yi a sabon akwati. Su kuwa bakteriyar da ake bukata, masu mai da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa sinadarin naitrait sannan zuwa naitret mai ƙarancin illa, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su zauna sosai a cikin matata, ni kuma su nake ta kashewa da sinadarin kulorin na ruwan famfo. Da na rage abinci na bar matatar ta huta, ruwan ya washe da kansa cikin mako guda.

Saboda haka, Malam, ina girmama shawararka ta "gurɓataccen ruwa", amma ba zan ɗauke ta ba. Gurɓacewa tana sa mutum ya ji cewa dole ya zubar ya sake, alhali a wannan hali haƙuri ne magani. "Damammen ruwa" da wani ɗan'uwa ya kawo ya dace da hali guda kawai, wato sa'ad da aka zuba yashi ko tsakuwa ba a wanke ba, ƙura ta tashi, ta kwanta bayan kwana ɗaya ko biyu. A bar wa wannan sunansa. Ga farin da bakteriya ke jawowa, ni na fi son "hazon ruwa". Hazo yana hana gani ba tare da ya zama datti ba, yana zuwa da lokacinsa, kuma ba wanda ya taɓa share shi da tsintsiya.

Bayan wata biyu na matsar da akwatin kusa da taga, ina ganin tsirrai za su ji daɗin rana. Ruwan ya koma kamar an dama kuka. Wannan kam gansakuka ce, irin mai ƙwayar halitta guda da ke yawo a cikin ruwa, kamar Chlorella, kuma hasken da ya wuce kima ne ke kiranta, musamman idan ya haɗu da amoniya. Canjin ruwa ba ya gama da ita, domin ragowar da ta tsira tana cike gurbin nan da nan. Abin da ya yi mini aiki shi ne na kashe fitila, na lulluɓe akwatin da bargo kwana huɗu ba tare da na leƙa ba, sannan na mai da shi inuwa na taƙaita fitila zuwa awa bakwai a rana. Masu hali suna sa fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙananan halittu, a hanyar ruwan matata, ta kashe ta cikin kwanaki. "Koren ruwa" ya ishi wannan, ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Saura babban sunan da zai haɗa koren ruwa da mai zare-zare da ke naɗe ganye, da mai launin ƙasa-ƙasa da ke shafe gilashin sabon akwati, da baƙar nan mai kama da gemu da ke maƙale gefen ganye idan iskar kabon tana hawa da sauka. An kawo "bunƙasar gansakuka", amma bunƙasa yabo ce, ita ake yi wa kasuwa da gari fata. "Ambaliya" tana nuna abin da ya zo daga waje, alhali gansakuka a cikin akwatin take tun farko, tana jiran haske da taki su fi ƙarfin abin da tsirrai za su iya sha. Na tsaya a kan "ɓarkewar gansakuka", domin kunnen Bahaushe ya saba da ɓarkewar cuta da ɓarkewar rikici, kuma duk wanda ya ji an ce abu ya ɓarke, tambayar da zai fara yi ita ce me ya jawo.

Malama, gyaranki ya karɓu. Gaskiya ne cewa shuɗi-shuɗin nan mai wari, da ke shimfiɗuwa a kan yashi yana ɓantarowa kamar fata, ba gansakuka ba ce a ilimin halittu, bakteriya ce mai amfani da haske, dangin wadda matan Kanembu ke kwasa a tafkunan gefen Tafkin Chadi su shanya su yi dihe da ita. Jatan landen Amano, wanda aka raɗa wa sunan Takashi Amano na Japan saboda shi ya yayata amfani da shi wajen cinye gansakuka, ba ya ko kallonta. Sai dai idan na rubuta "bakteriya" kawai, mai karatu zai haɗa ta da hazon ruwa ya zauna jiran ta washe, ita kuwa sai an tsotse ta da tiyo an ƙara gudun ruwa. A rubutuna zan sa "gansakukar ƙarya" tukuna, in kuma akwai mai sunan da masunta ke kiranta da shi a garinsu, ya kawo mu ji.