Shin fataucin shanu ta kan iyaka ne ke hura wutar rikicin manoma da makiyaya?

Malam Shehu (malamin makaranta, Mabera): Assalamu alaikum. Jiya a wajen zaman makoki wani dattijo ya ce muddin ana loda shanu a tirela ana ƙetare iyaka da su, manomi da makiyayi ba za su zauna lafiya ba, domin kuɗin da ke cikin fataucin ne ke sa a tara garken da ƙasa ba za ta iya ciyarwa ba, kuma shi ne ke sa ɓarawo ya kwana da sanin cewa akwai mai saye. Na kwana ina juya maganar, kuma na ga tana da ƙamshin gaskiya. Ina son jin ta bakin masu sana'ar.

Alhaji Umaru (dillalin shanu, Illela): Wa alaikumus salam. Malam, da farko a gyara alƙibla, domin dattijon ya ɗauki hanyar a baibai. Duk wanda ya tsaya a karar Illela ranar Lahadi zai ga cewa mafi yawan shanun shigowa suke yi daga wajen Birnin Ƙonni, ba fita ba, sannan a loda su zuwa Legas da Ibadan da sauran garuruwan kudu. Nijar ce ke fitarwa, mu ne masu saye da ci. Da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, a wannan ɓangaren ne fatake suka yi kuka. Kuma wannan fatauci ya girmi kakannina, tun ana kora shanu da ƙafa zuwa kurmi, amma ba a taɓa ƙona ƙauye saboda shi ba.

Malam Isa (manomi, Wurno): Alhaji, Allah ya ba ka nasara, ni ban damu da inda tirela ta dosa ba. Bara, saura kwana kaɗan in yanke dawa, aka shigar mini da garke cikin dare, na wayi gari na tarar da kara a kwance, ga kashin shanu da ɗuminsa. Yaron da muka kama ko gemu bai yi ba, kuma da aka kai shi gaban mai gari ya ce shi ɗan kiwo ne kawai, shanun na wani mai kuɗi ne a birni wanda bai taɓa ganinsa ba. A zamanin mahaifina, da an kira ardo, an kimanta ɓarna, an biya, a kaka kuma a ba Bafulatanin sauran gona ya zauna ya zuba taki. Yanzu wa zan kama? Shanun da aka tara don kasuwa ba su da fuskar da za ta ji kunyata.

Ardo Buba (Tangaza): Malam Isa, Allah ya mayar maka da alheri, kuma ban musa abin da ka faɗa game da shanun masu kuɗi ba. Sai dai ina roƙon a tambayi inda burtali ya tafi. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma yau hanyar da mahaifina ya bi da shanu zuwa mashaya an shuka albasa a kanta, fadamar da muke sauka da rani kuma ta zama gonar noman rani. Saniya ba ta tashi sama. Game da sata kuwa, mu ne muka fara ɗanɗana ta: wanda aka kore wa shanu hamsin a dare ɗaya ya tashi ba shi da ko abin tatsa, kuma irin waɗannan samarin ne wasu suka faɗa daji.

Dakta Asma'u (likitar dabbobi, Sakkwato): Iyayena, a ganina an cakuɗa abubuwa biyu. Ɓarnar gona da toshe burtali rikici ne na ƙasa da ruwa, wanda ƙaruwar jama'a da ƙarancin ciyawa suka tsananta, kuma ko da an rufe kowace kara gobe zai ci gaba. Satar shanu kuwa ba ta rayuwa sai da kasuwa, domin ɗan bindiga ba zai ci shanu ɗari ba, dole ya mayar da su kuɗi, kuɗin kuma su koma makami da babur. A nan ne maganar dattijon take da ƙarfi. Iyakar ma tana yi wa ɓarawo aiki ta fuska biyu: saniyar da aka sace a Sabon Birni tana iya ƙetarawa ta dawo da sunan saniyar Nijar, kuma ba ta da wata alama a kunne da za ta ƙaryata mai ita na ƙarya, sai ɗan tsagin da makiyayi ya yi mata, wanda shi kaɗai ya san shi.

Alhaji Umaru: Dakta, ai an gwada maganin da wannan magana ke kaiwa gare shi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta Aminu Tambuwal ta hana ɗaukar shanu a manyan motoci da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, Zamfara da Katsina ma suka yi irin haka. A watan Oktoba na 2021 ɗin aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe mutane da yawa. Wanda ya sha wuya shi ne talakan da ke son sayar da ɗan maraƙinsa ya sayi hatsi, da masu lodi, da mahauta. Ɓarawo kuwa dama ba ya jiran ranar kasuwa.

Dakta Asma'u: Ban ce a rufe kara ba, Alhaji. Cewa na yi a san asalin kowace dabba kafin ta hau mota. Tun da an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, abin da ya fi dacewa ta fara da shi shi ne lamba a kunne da takardar shaida daga ardo ko mai gari.

Malam Shehu: To Alhaji, ina da tambaya, kuma ba da nufin cin fuska ba. Idan baƙo ya zo maka da bijimai goma masu ƙiba, yana neman rabin kuɗinsu, yana kuma gaggawa, me dillali yake yi?

Alhaji Umaru: Dillalin kirki yana tambayar wane ne mai masaukinsa, idan babu wanda zai tsaya masa sai a kai maganar ga sarkin kara. Ni na taɓa mayar da irin wannan ciniki, na bar la'adar da za ta ishe ni wata guda. Da yamma na ga bijiman nan a cikin motar wani, an ɗaure su da ƙaho, sun kama hanyar kudu.

Ardo Buba: Wane launi ne, Alhaji, kuma a wace shekara? Akwai wani ɗan'uwana da har yau yake cigiyar jajaye goma.