Wai GPS ne ke kai kumbo duniyar Mars?

Mai moton Garwa: Jama'a ku raba mana gardama, jiya a majalisa na ce kumbon da ake turawa Mars da GPS yake tafiya kamar yadda waya ke nuna maka hanyar Marwa, wani ya ce ƙarya nake har muka ajiye sefa 1000.

Malamin lise: Ƙanena ka biya mutane kuɗinsu. Taurarin GPS wajen kilomita 20,000 kawai suke sama da mu kuma ƙasa suke fuskanta. Perseverance, motar binciken da aka tura Mars, an harba shi 30 ga Yuli 2020, sai 18 ga Fabrairu 2021 ya sauka, ya ci wajen kilomita miliyan 470, wane GPS ne zai raka shi can?

Mai moton Garwa: To rimot ke nan Malam, suna zaune suna juya shi.

Malamin lise: Saƙo kafin ya kai Mars minti 3 zuwa 22 yake ɗauka, kafin ka ce taka birki an riga an faɗa rami.

Baba direba: Ku yaran yanzu komai waya. Mu da muka yi hanyar Faya daga Njamena cikin dare, taurari muke duba, su ma haka suke yi wallahi.

Malamin lise: Baba kun kama rabi. Akwai kyamara a jikin kumbon mai kallon taurari amma ita ina ya sa gaba kawai take gaya masa. Inda yake kuwa daga nan ƙasa ake aunawa, da manyan faranti na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a Kalifoniya da Madrid da Kanbera, wasu faɗinsu mita 70, an warwatsa su ne don duniya na juyawa, in wannan ya daina ganinsa wancan ya karɓa. Lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo shi ne nisa, yadda muryarta ta canja kamar hon ɗin kamiyo in ya wuce ka shi ne gudu. Kuma ba Mars ɗin ake saitawa ba fa, kamar mai kwalekwale ne a Binuwai da damina, ba ya miƙewa tsaye, ana nufar inda Mars za ta kasance bayan wata 7, a hanya a ɗan kunna inji a gyara. Shi ya sa sai an jira duniya da Mars su daidaita, sai bayan wata 26 damar harbawa ke dawowa.

Hajiya mai shago: In lissafin nasu daidai ne ya aka yi na ji wani ya ɓace musu?

Malamin lise: Hajiya a 1999 ne, Mars Climate Orbiter. Wasu sun auna ƙarfin inji da ma'aunin fam, wasu suka karanta da na mita, kamar ki ce koro a auna miki da mudu, sai ya yi ƙasa da yawa ya shiga iskar Mars.

Mai moton Garwa: Amma Malam farantin nan ai GPS ne da babbar riga, ni dai 500 zan bayar.